Kullum Ina Gudu, Amma Saurina Ya Ƙi Ƙaruwa

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, shekaruna 38. Bara likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, in rage zama in riƙa motsa jiki, shi ne na fara gudu bayan sallar asuba. Da farko kilomita 5 sai ta ci min minti 40, a hankali na sauko zuwa 31. To a nan na maƙale, yau wajen wata biyar ke nan. Kwana shida nake fita a mako, kuma kullum iya ƙarfina nake yi don in fi jiya sauri, amma waya sai ta nuna 31 ko 32. Yanzu ƙwaurina na hagu ya fara ciwo, da rana kuma gyangyaɗi nake yi a kan keke. Wani abokina ya ce in riƙa sa leda a cikin riga don in fi yin gumi, in kuma sha maganin ciwon jiki kafin in fita. Burina in shiga tseren kilomita 10 in gama cikin awa ɗaya. Ko shekaru ne suka cim mini? Kuma yaya zan yi in azumi ya zo?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da ƙoƙari. Mutumin da ke wuni a kan keken ɗinki, ya tashi da asuba ya ɗaure takalmi ya fita, har ya zabge minti 9 daga lokacinsa, ba ƙaramin aiki ya yi ba. Batun shekaru kuma ka cire shi daga ranka. Gaskiya ne sauri yana raguwa in girma ya zo, amma wannan damuwa ce ta wanda ya daɗe a harkar har ya kai maƙurar abin da jikinsa zai iya. Kai da bara ka fara, in Allah ya ba da lafiya, akwai shekaru a gabanka da za ka yi ta ƙara sauri. Abin da ya tsayar da kai yana nan cikin wasiƙarka, inda ka ce kullum iya ƙarfinka kake yi. Ka mai da kowace safiya ranar tsere, jikin kuwa bai samu sararin gina abin da kake nema a wurinsa ba.

Ƙarfi ba ya shiga jiki a lokacin da ake gudun. A lokacin ma raguwa yake yi: tsoka tana samun ƙananan raunuka, abincin da ta tanada yana ƙarewa, ƙashi da jijiya suna shan duka a kan kwalta. Sai an dawo gida an ci, an sha, an yi barci, sannan jiki ya gyara ɓarnar, ya kuma ɗan ƙara a kan yadda yake a da. Wannan ɗan ƙarin shi ne ribar. Ka taɓa tsayawa ka kalli maginan ƙasa a cikin birni suna tayar da katanga? Sukan jera tubali sahu kaɗan, su shafe, su tafi su bar shi ya sha rana, sai ya bushe su dawo su ɗora. Wanda ya ɗora a kan ɗanye, katangarsa ciki za ta yi. Kai kwana shida a jere kake ɗorawa a kan ɗanye, kuma ƙwaurin hagun nan da gyangyaɗin rana su ne suka fara nuna maka.

Mu fara da ƙwaurin, don shi ba ya jira. Yau da dare ka zauna ka miƙe ƙafar, ka bi gefen ƙashin ta ciki da yatsa, daga saman idon sawu zuwa sama, kana dannawa. In ciwon ya bazu, tsawon tafin hannu ko fiye, kuma yakan lafa in jiki ya ɗumama, to galibi kumburi ne a inda tsoka ta manne da ƙashi, ciwon da ya fi kama sababbin masu gudu. Maganinsa rage duka. Ka ajiye gudu mako biyu, ka yi tafiyar ƙafa da ɗan sauri ko ka hau keke, sannan ka dawo a hankali. Amma in ciwon wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai rufe, ko yana damunka kana kwance da dare, ko ka kasa yin tsalle da ƙafar ita kaɗai, to ka tafi asibiti, don yana iya zama ƙashin ne ya fara tsagewa. Irin wannan tsagewar sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi a makonnin farko, saboda haka ko an ce hoto bai nuna komai ba, kada ka koma gudu a kan ciwo. Ka bi abin da likita ya ce.

Shawarar abokinka kuma, don Allah kada ka ɗauke ta. Na san da kyakkyawar niyya ya ba ka, kuma na sha ganin samari a bakin titi sun naɗe ciki da leda, wasu har da rigar ruwa a tsakiyar bazara. Gumi ruwa ne da gishiri, ba kitse ba ne. Kilo ɗaya da ka rasa a gudu ɗaya kusan lita ɗaya ce ta ruwa, kuma da ka sha zai dawo. Amfanin gumi shi ne ya bushe a kan fata ya sanyaya jiki, leda kuwa hana shi bushewa take yi, sai zafin jiki ya yi ta hawa, zuciya ta yi ta bugu a banza. A garin da zafin rana kan kai digiri 38 zuwa 40 a watan Afrilu, wannan wasa da rai ne. Maganin ciwon jiki ya ma fi tayar min da hankali. Irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, gudu da rashin ruwa su ma suna rage shi, ga shi kuma suna iya ƙara hawan jini, abin da ya fito da kai titi tun farko. Banda haka, suna rufe bakin ciwon da ke gaya maka ka tsaya. Tramadol kuwa ko kusa da shi kada ka je, komai daɗin bakin mai ba ka.

To in ƙafa ta warke, abin da nake so ka yi zai yi maka wuyar karɓa: ka rage gudu. Yawancin fitarka ta zama sassarfa, wadda za ka gama kana jin da za a ce ka ƙara rabinta, za ka iya. Ma'auninta gaisuwa ce. In ka haɗu da wani dattijon unguwa yana dawowa daga masallaci, ka iya ce masa ina kwana, an tashi lafiya, ya iyali, ya sanyi, duk a jere ba tare da haki ya yanke maka magana ba, to daidai kake. In kalma biyu kawai ke fita sai ka ja numfashi, ka yi sauri da yawa. Ga mai gama kilomita 5 a minti 31, wannan zai kama wajen minti 7 da rabi zuwa 8 a kowace kilomita. In ta kama ka ɗan taka da ƙafa a tsakani, ka taka, ba laifi ba ne.

Za ka ce to ta ina sauri zai fito daga wannan. Ta nan yake fitowa. Gudun nesa aikin iska ne: yawan iskar da jini zai kai wa tsoka, da yadda tsokar za ta sarrafa ta. Sassarfa mai tsawo tana sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, tana ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, tana ƙara sassan ƙwayar tsoka da ke haɗa iska da abinci su ba da ƙarfi, tana kuma koya wa jiki ƙona kitse maimakon ya dogara da sukari kaɗai. Duk waɗannan da yawan mintoci ake samun su, kuma mutum ba zai iya tara mintoci masu yawa yana gudun ceton rai ba. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, amma jijiya da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa sabon mai gudu yakan ji numfashinsa ya buɗe, ya ƙara wuta, sai ƙafa ta ba shi kunya. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Manyan 'yan tsere ma haka suke yi. Stephen Seiler, wani masanin motsa jiki da ke aiki a ƙasar Nowe, ya bi diddigin atisayen zakarun wasannin juriya, masu gudu da masu tuƙin kwalekwale da masu sulu a kan ƙanƙara, ya tarar wajen kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yin sa, ragowar ne mai zafi. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a shekarar 2019, wato minti 2 da daƙiƙa 50 a kowace kilomita, a ranakunsa masu sauƙi yakan yi gudun da ya kusa minti 5 a kilomita. Dubi tazarar da ke tsakanin gudun tserensa da gudun hutunsa. Kai a wurinka babu tazara ko kaɗan, gudu ɗaya gare ka, wanda ya yi zafin da zai gajiyar da kai amma bai kai zafin da zai koya maka sabon sauri ba.

Na san inda wahalar take, kuma ba a ƙafa take ba. Zariya gari ne na masu gudu. Ga kuratan sojoji na dafo, ga samarin da ke shirin shiga aikin soja ko ɗan sanda, ga ɗaliban Kongo da Samaru, ga 'yan ƙwallon unguwa. Za su riƙa wuce ka fuu, wani ma ya waiwayo ya ce, "Baba, a ƙara mai!" Ga masu shayi da ke tambaya wa ya biyo ka. Zuciya za ta ce ka bi su. Yaron da ke da shekara 19, wanda ba ya ciyar da kowa, ba ya kwana a shago, ba sa'an tserenka ba ne, kuma ba ka san ko minti goma kawai zai yi ya koma gida ba. Ka amsa masa da fara'a ka ci gaba da abinka. Wayar ma ka jefa ta aljihu. A watanni biyun farko da minti za ka riƙa auna fitarka, ka bar ƙirga kilomita: yau minti 35, ka tafi 18 ka juyo.

Kwana huɗu a mako sun ishe ka. Misali Litinin da Alhamis sassarfa ta minti 30 zuwa 40, Laraba ranar zafi, wato ranar gudu mai sauri, in lokacinta ya yi, Asabar ko Lahadi doguwar fita, Juma'a kuma hutu cikakke. Doguwar fitar nan ita ce uwar tafiya ga mai neman kilomita 10. Ka fara da minti 45, kana ƙara minti 5 duk mako har ka kai awa ɗaya da kwata ko da minti 20, duk a gudun gaisuwa. Kowane mako na huɗu ka rage komai da wajen kashi ɗaya cikin uku, ko da kana jin garau. Kada ka ga ranar hutu kamar ranar lalaci. Lokacin da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shi, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In an faɗi haka a kan ibada, ina ga gudu.

Makonni shida na farko kada ka yi ranar zafi ko ɗaya. Abin da kawai za ka ƙara, daga mako na uku, shi ne 'yar walƙiya a ƙarshen sassarfa. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya mai falwayoyin lantarki. Daga falwaya ta farko ka fara buɗe ƙafa a hankali, a ta biyu ka kai saurin da ya yi maka daɗi, kafaɗu a sake, hannu ba a dunƙule ba, haƙora ba a cije ba, kafin ta uku ka sassauta. Daƙiƙa 15 zuwa 20 ke nan. Ka taka da ƙafa har numfashi ya dawo daidai, ka sake, sau huɗu zuwa shida. Ba ya gajiyarwa, amma yana tuna wa ƙafa yadda ake sauri. A nan ne kuma za ka gyara taku. Wasu masu ciwon ƙwauri suna jefa ƙafa can gaba su dira a kan dunduniya da gwiwa a miƙe. Ka gajarta takun, ka yawaita shi kaɗan, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jikinka. In kana jin ƙarar takalminka fat-fat a kan kwalta, ka nemi ka rage ƙarar.

Bayan mako shida, in ƙwauri ya yi shiru, sai ranar Laraba ta shigo. Ka ɗumama jiki da sassarfa ta minti 10 zuwa 15, sannan minti ɗaya da sauri, minti ɗaya da rabi a hankali, sau takwas, ka rufe da sassarfa ta minti 10. Wannan salo na cakuɗa sauri da sannu a cikin fita ɗaya 'yan Suwidin ne suka fito da shi tun shekarun 1930, kuma har yau 'yan Kenya suna yin sa a kan hanyoyin burji. Bayan mako uku ka koma minti 3 da sauri, minti 2 a hankali, sau biyar, a gudun da ya ɗan fi na kilomita 5 ɗinka, wajen minti 5 da daƙiƙa 50 zuwa minti 6 a kilomita. Wani makon kuma ka canza, ka yi minti 20 a jere a gudun da za ka iya faɗin kalma uku ko huɗu kawai, wajen minti 6 da rabi. Dokar ranar zafi ɗaya ce: zagaye na ƙarshe ya yi daidai da na farko ko ya fi shi. In ka fara kamar an harbo ka, ka ƙare kana jan ƙafa, ka ɓata ranar. In kana son awo ba tare da waya ba, zagayen cikakken filin tsere mita 400 ne, kewayen babban filin ƙwallo kuma wajen mita 350.

Sana'arka zama ce, saboda haka cinya da ƙugu da sha-raɓa suna buƙatar aikinsu na daban, minti 15 sau biyu a mako. Ka tsaya a bakin dakalin ƙofar gida, yatsu a kai, dunduniya a iska, ka dafa bango, ka ɗaga a hankali ka sauke a hankali har ka ji agara ta miƙe, sau 15, ka huta, ka maimaita sau uku. In ya yi sauƙi ka koma ƙafa ɗaya. Ka zauna a kujera ka tashi ba tare da dafa komai ba, daga baya ka rungumi galan ɗin ruwa, daga baya da ƙafa ɗaya. Ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu sama. Saboda jininka, kada ka riƙe numfashi kana yunƙuri, ka riƙa fitar da shi lokacin ɗagawa. A shago ma duk awa ɗaya ka miƙe ka ɗan zaga.

Takalmi ba sai mai tsada ba. Na gwanjo a kasuwar Sabon Gari yana yi, in ka iya zaɓe. Ka ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya, in ya karkace gefe ɗaya ka bar shi. Ka danna soson ƙasan da babban yatsa, in ya taurare ko ya yi tamoji da yawa, ya gama aiki, don yawanci daga kilomita 500 zuwa 800 soson yake mutuwa ko da saman yana ƙyalli. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Inda duk ka sami burji ko filin makaranta mai laushi, ka fifita shi a kan kwalta har ƙafar ta yi ƙwari.

Barci kuwa shi ne abin da nake jin tsoron za ka raina. Wanda zai tashi kafin asuba ya yi gudu yana buƙatar awa 7 aƙalla, ke nan hirar dare a bakin shago sai ta ragu, in kuma da hali ka ɗan runtsa bayan azahar. Ga hanyar da za ka gane ko jiki ya huta: da ka farka, kafin ka sauko daga gado, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. Ka yi haka mako guda ka san adadinka. Ranar da ka ga ya haura da bugu 8 ko 10, ga nauyin jiki, to ranar tafiyar ƙafa ce ko hutu. Nan da wata uku za ka ga adadin da kansa yana sauka, kuma wannan zai nuna maka ci gaba tun kafin agogo ya nuna. Abinci kuma wanda ke gidanka ya wadatar. Dabino biyu ko uku da kofin ruwa kafin ka fita, koko da ƙosai ko ƙwai in ka dawo, wake, gyaɗa, kifi, zogale, fura da nono ba tare da an cika sukari ba. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano a rage saboda jinin. Lemon gwangwani mai sa kuzari ba ka buƙatarsa. Ruwa kuma fitsari ne ma'auninsa: in ya yi ja-ja, ba ka sha isasshe ba.

Yanayin garinmu ma sai ka tafi da shi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, asuba tana da sanyi, jiki yana daɗewa bai saki ba, sai ka tsawaita ɗumamawa. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, ka bar gudu mai zafi, don ƙurar da mai haki ke shaƙa ta ninka ta mai tafiya. Da bazara, Maris zuwa Mayu, ka gama kafin rana ta ɗaga, kuma kada ka damu in ka ga saurinka ya ragu, zafi ne, jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da shi. Damina da farkon kaka su ne lokacin da za ka fi jin daɗin doguwar fita. A kan titi kuma ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske, ka bar kunne ɗaya a buɗe. Wajen Kwangila da hanyar Samaru manyan motoci ba sa barci, 'yan acaɓa kuma ba kowa ke kunna fitila ba. In kana sha'awar hawa tudu a gefen Kufena, ka bari gari ya waye, ku je ku biyu ko uku.

Azumi wata ne na riƙe abin da aka samu. Fita biyu ko uku a mako, minti 25 zuwa 30, duk sassarfa, sun isa su tsare maka yawancin ƙarfinka. Lokacin da ya fi aminci shi ne bayan an sha ruwa da awa ɗaya ko biyu, ko bayan tarawihi, a wuri mai haske da ka sani. Wasu suna yi dab da magariba don su gama a sha ruwa, amma ga mai hawan jini, musamman in azumin ya faɗo cikin zafi, ban so maka wannan ba. Bayan asuba kuwa kada ka yi, don za ka zubar da ruwan da za ka wuni da shi. Goman ƙarshe na san yadda shagon tela yake, ɗinkin Sallah ya taru, ana kwana a kan keke, ga ibada. In barci ya gagara, ka ajiye gudun gaba ɗaya, bayan Sallah ka dawo da rabin abin da ka saba, cikin mako biyu za ka koma inda kake.

Kafin ka fara ranakun zafi ka koma wurin likitan da ya auna ka, ka gaya masa abin da kake shirin yi. A sake awo, don daga 140 bisa 90 ake kiran sa hawan jini, kuma in an ɗora ka a kan magani kada ka daina don kana gudu. Wasu magungunan suna sa yawan fitsari, wasu suna rage bugun zuciya, ya kamata ka san wanne kake sha. In ba ka taɓa yin gwajin sikila ba ka yi, mai AS yana gudu lafiya lau amma dole ya fi kowa kiyaye zafi da ƙishirwa. Da zazzaɓi a jiki ba a gudu, ko na cizon sauro ne ko na mura, sai an warke an ƙara 'yan kwanaki. In kuma kana cikin gudu ka ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo yana bin hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko zuciya tana bugu ba bisa ƙa'ida ba, ka tsaya nan take, a kai ka asibiti a ranar.

Burinka mai yiwuwa ne. Kilomita 10 a awa ɗaya minti 6 ke nan a kowace kilomita, kuma wanda zai iya riƙe wannan yawanci yana gama kilomita 5 a ƙasa da minti 29. Yadda kake yanzu, da za a yi tseren gobe, wajen minti 65 za ka yi in ƙafa ta bari. Minti biyar ɗin nan aikin wata huɗu zuwa shida ne. Tseren da za ka sa a gaba ma akwai: na Legas da ake yi tun 2016, yawanci a watan Fabrairu, yana da ɓangaren kilomita 10, akwai na Okpekpe a jihar Edo wanda shi kilomita 10 ne cif, Kaduna ma ta shirya nata a 2020. Amma kada ka gwada kanka kafin mako na goma. Ranar gwajin ka huta kwana biyu kafin ta, ka koma hanyar nan taka ta kilomita 5, ka ɗumama jiki, ka yi kilomita ta farko a minti 6 daidai ko da kana jin za ka iya fin haka, ka riƙe har ta uku, daga ta huɗu ka saki abin da ya rage. Bayan nan gwaji sau ɗaya duk mako shida ya isa. Ka rubuto min lokacin da ka samu, da halin da ƙwaurin yake ciki, da abin da awon jini ya nuna, sai mu tsara makonnin da suka rage kafin tseren. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a sana'a.